Ɗana an gano yana da otizim tun yana shekara 3, ƙanwarsa kuwa kowa cewa yake kunya ce

Maman_Biyu_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da tsawon tambayata. Ɗana na fari shekararsa 11. Tun yana shekara 3 likita ya ce mana otizim gare shi, kuma gaskiya nashi a fili yake: ba magana, ki kira sunansa har muryarki ta dishe ba zai waigo ba, wuni yake yana jera marafan lemo a bakin baranda, ki gusar da ɗaya gidan ya hargitse. In maƙwabta suka tada injin niƙa sai ya toshe kunne yana kaɗa jiki. Wannan mun saba, kuma Alhamdulillahi yana samun ci gaba.

Ƙanwarsa ce ta hana ni barci. Shekararta 8. Ita ta yi magana da wuri, haddarta ta wuce ta sa'o'inta, malaman Islamiyya yabonta suke wai ba a taɓa jin muryarta a aji ba. Amma tana shigowa gida ta tuɓe hijabi, sai kuka da birgima kusan awa guda, ba wanda ya taɓa ta. Ba ta da ƙawa, sai wata 'yar maƙwabta da take bi kamar jela, tana kwaikwayon dariyarta har da ɗaurin ɗankwalinta. 'Yan tsananta 14, ba ta goya su, ba ta yi musu girki, jera su take daga babba zuwa ƙarama ta zauna tana kallo. Babansu ya ce in daina nema wa yarinya ciwo, wannan abin na maza ne. Surukata ta ce kunya ce irin ta gidansu. Shin mace tana yi? In tana yi, me ya sa ba ta yi kama da yayanta ba?

Ummu_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki ikon cin jarabawa. Ina nan ina sauraro, don ni ma akwai wadda nake tunani a kai.

Inna_Kanwuri:
Ke ɗiyata, ki bi a hankali. Mu da munka tashi, ɗiya mace in ta sunkuyar da kai gaban manya tarbiyya ta. Yanzu kuma ta zama ciwo? Ni tara nih haihwa, biyu cikinsu shiru-shiru na, ga su can gidajen mazansu lahiya lau. Kukan ga kuma yunwa ta da rana, ki dama mata hura ki gani.

Bagobiri_77:
Wai otizim ɗin nan shi ne galahanga?

Nas_Gawon_Nama:
@Bagobiri_77 kalmar galahanga 'yan jarida suna ɗora ta a kan abubuwa da yawa, har da yaran da suka sha wahala wurin haihuwa jikinsu ya shanye, har da masu lalurar Down. Ba abu ɗaya ba ne. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, yana bayyana ta gefe biyu: hulɗa da mutane, sai kuma maimaita abu ɗaya, ƙin canji, da jin ƙara ko taɓi ko wari fiye da kima. Wani ba ya magana sam, wani kuma malamin jami'a ne.

Maman Biyu, amsar tambayarki ta farko: ƙwarai mace tana yi.

Dakta_Na_Yara:
Hajiya, bari in fara da maganar maigida, don ba daga sama ya tsinto ta ba. Likitan da ya fara fayyace abin a Amurka, Leo Kanner, a 1943 yara 11 ya rubuta labarinsu, 8 maza, 3 mata. A 1944 Hans Asperger a Biyena ya rubuta nasa a kan yara 4, duk maza. Tun daga nan hoton da ya zauna a kan likitoci na ɗa namiji ne, kuma tambayoyin da aka tsara don ganewa galibi da maza aka gwada su. Shekaru ana karantar da mu cewa maza 4 ne a kan mace 1.

A 2017 wasu masu bincike a Landan suka tattara nazari 54 suka sake lissafi. Inda aka ƙirga waɗanda asibiti ya riga ya gano, an samu fiye da 4 da 1. Inda kuwa aka shiga cikin jama'a aka duba kowane yaro, sai ya sauko kusan 3 da 1. Ke nan akwai 'yan matan da suke da shi amma ba su taɓa isa gaban likita ba. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na 2025 ya ce yaro 1 cikin 31 'yan shekara 8, maza sun ninka mata sau 3.4. Wannan lissafin Amurka ne, kada wani ya ce na ce Sakkwato.

Maza sun fi yawa, gaskiya ne. Amma "sun fi yawa" daban, "nasu ne kaɗai" daban. Wani abu kuma: in akwai yaro mai shi a gida, ƙanen da aka haifa bayansa kusan 1 cikin 5 ne ke zuwa da shi. Saboda haka hankalinki bai tashi a banza ba. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, sai an gan ta.

Malama_Firamare:
Dakta ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shekarata 16 ina koyarwa. Aji mai yara 70 ko 80, wa kike gani? Wanda ya hau benci, wanda ya ciji ɗan'uwansa, wanda ya fita da gudu in an buga ƙararrawa. Shi ne ake kiran ubansa. Yarinyar da ta maƙale a lungu ba ta damun kowa, wallahi sai zango ya ƙare ban san muryarta ba, kuma a katin sakamako in rubuta mata "mai ladabi". Akwai wata da na koyar a aji 4, in an fita tara ba ta shiga 'yar gala-gala, zagaye take yi a bayansu tana motsa baki, tana maimaita waƙar ita kaɗai. Daga nesa sai ki rantse tana cikin wasan. Sai da na tsaya kusa na ga ba wadda take kula ta, ita ma ba ta san ta inda ake shiga ba. Yau da na karanta wannan ita ce ta faɗo mini.

Abu_Hafsa:
Ku dai kuna ta Turai. Yarinya mai kuka da birgima bayan la'asar, wannan ai sananne ne. A yi mata ruƙiyya, a kula da azkar, a daina barinta waje da magariba.

Malam_Dange:
@Abu_Hafsa azkar da addu'a ba mai jayayya da su, kowane gida ya riƙe. Amma neman magani ma umarni ne, kuma ba su hana juna. Abin da nake roƙo, kada a kai yarinya inda za a riƙa yi mata tsawa a kunne ko a yi mata hayaƙi a rufe ɗaki. Yaron da ƙarar injin niƙa ke gigita shi, in ka haɗa shi da mai ihu dole ya yi ta fizge-fizge, sai a ce ai ga aljanin ya motsa. Na ga an yi haka da ɗan ƙanena, wata uku bai yarda ya shiga ɗaki da namiji baƙo ba.

Abu_Hafsa:
Malam ban ce a doke ta ba.

Malam_Dange:
Na sani, akhi. Don masu karatu na faɗa.

Shiru_Shiru:
Na daɗe a gidan nan ban taɓa rubutu ba. Maman Biyu, ɗiyarki ni ce shekara 25 da suka wuce.

Shekarata 33, ina da aure da yara, ina aikin lissafin kuɗi. Gaisuwa ni haddace ta na yi kamar karatun allo: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya yara, sai a yi ɗan murmushi a nan, sai a ce madalla. Ina kallon yadda yayata take yi ina ajiyewa. In ana mini magana karan hancin mutum nake kallo, don in na kalli ido sai maganar ta ɓace mini. Kafin in je gidan suna sai na tsara abin da zan faɗa tun a ɗaki. In aka rangaɗa guɗa kusa da ni ji nake kamar an soka mini allura a ƙeya. Leshi kuwa ƙaya ne a jikina, ranar kamuna da shatin ƙaiƙayi na kwana.

Inna ta ce kukan yunwa ne. Inna, da girmamawa, ba yunwa ba ce. Wuni guda kina riƙe da kanki kamar mai ɗauke da tulu cike a ka, kina lura da kowace fuska kada ki yi kuskure. In kin iso gida, wurin wadda kika amince da ita, nan ne kike saukewa. Shi ya sa malamai ke ganin waliyiya, uwa ke ganin birgima.

Ina ƙarama ana ce mini mai kunya, ana yabo. Da na yi aure halin bai canza ba, sunan ne ya canza: dangin miji suka ce miskila, mai girman kai, ba ta son mutane. Sai da aka duba ɗana na biyu, likita tana jero tambayoyi, na ji duk ni ake tambaya.

Ummu_Arkilla:
Innalillahi. 'Yar'uwa kin sa ni hawaye. Ƙanwata ce sak, har da leshin. Aurenta na fari a kan "ba ta gaida mutane da fara'a" ya mutu.

Inna_Kanwuri:
To ɗiyata, na ji. Allah Shi ba ki lada. Amma ina nan kan bakana, ba duk mai kunya ba ta da ciwo.

Dakta_Na_Yara:
Inna ta yi gaskiya a nan, kuma kada mu wuce gona da iri. Mai kunya ta san dokar wasa, tsoro ne ke hana ta. In ta sake da mutum sai hira ta ɓarke, ta ba ki labari, ta tambaye ki naki. Wadda muke magana a kai ko ta sake, hirar gefe ɗaya take bi, habaici da zolaya suna wuce ta, tana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Akwai kuma yaran da damuwa ke ɗaure musu baki a makaranta alhali a gida aku ne, wannan wani abu ne daban. Kuma a ƙasarmu kafin komai a auna ji. Sanƙarau yana kashe kunne, kun tuna annobar 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina. Yaro da yawa da ake cewa "ba ya amsa sunansa" ji ne ya ragu.

Abin da Shiru_Shiru ta bayyana kuwa sananne ne a bincike, ɓoye hali ta hanyar kwaikwayo. Maza ma suna yi, amma an fi samunsa a mata, kuma yana da tsada: gajiya, fargaba, ciwon damuwa. Sannan abin da mace ke ƙwallafa rai a kai sau da yawa ba ya ba kowa mamaki. Yaro ya haddace lambobin motocin unguwa, kowa zai ce wannan lafiya? Yarinya ta ƙwallafa rai a 'yar tsana ko kyanwa ko lalle, sai a ce ai mace ce. Ba abin da take so ake dubawa ba, yadda take son sa ake dubawa.

Dan_Kara:
Ni tambayata daban ta. Yaron ƙanwata shina cewa Baba, Inna, ruwa, har shina ɗaga hannu in za ka tahi. Da anka kai shi yaye wurin kakarshi Gwadabawa, yad dawo ba ko kalma guda. Mutane sunka ce ya sha ciki, don uwar ta samu wani cikin tana ba shi nono. Wasu sunka ce allurar rigakahi ta. Wanne na gaskiya?

Nas_Gawon_Nama:
Alhaji, ko ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran nan haka suke yi: su fara 'yan kalmomi, sai tsakanin wata 18 zuwa 24 su ɓace, har da nuni da yatsa da kallon ido. To duba me ke faruwa da yaron Bahaushe a daidai wannan lokacin. Yaye ake yi, sau da yawa uwa ta samu ciki, ga allurar ƙyanda ta wata 15 ba a daɗe da yi ba. Duk abin da ya zo kusa shi ake kamawa. A Ingila ma haka aka yi, wani likita mai suna Andrew Wakefield ya buga takarda a 1998 yana danganta shi da rigakafi, a 2010 mujallar ta janye takardar, shi kuma aka soke lasisinsa. An bi yara dubu ɗaruruwa daga baya ba a ga alaƙa ba. Don Allah kada a hana yara allura, ƙyanda kashewa take.

Bagobiri_77:
Waya ce kawai. Ku ba jariri waya yana kallon katun wuni guda, ya za a yi ya yi magana?

Ɗalibin_Danfodiyo:
@Bagobiri_77 a 1943 wace waya ce? Yawan kallo yana iya jinkirta baki, wannan gaskiya ne, amma ba shi ke ƙirƙiro otizim ba. Gado ne ya fi ƙarfi a ciki, binciken tagwaye ya nuna haka. Yawan shekarun uba ma yana ɗan ƙara yiwuwar, wannan kuwa ban ga wanda ke son a tada shi a majalisa ba.

Dan_Kara:
Yaro, bar wagga magana, muna da niyyar ƙari.

Baban_Yasir_Wamakko:
Hhhh Alhaji. Bari in dawo da mu kan shekaru, don ni nawa ya kai 19. Abin da na gani da idona: abin ba ya tafiya, kama yake canzawa. Yana shekara 4 tafiya yake a kan yatsu, yana kaɗa hannu kamar tsuntsu, in mun fita sai na riƙe rigarsa kada ya faɗa gaban kabu-kabu. Magana ta zo wajen shekara 6, ita ma ta rediyo ce, sanarwar Rima Radio yake maimaitawa da muryar mai karantawa. Wajen 10 kaɗa hannun ya ragu sosai, sai in ya yi murna. Muka ce an huce. Yana shiga 14 farfaɗiya ta zo, ba ta taɓa yi masa ba a da. Likita ya ce mana sananne ne, tana yawan fitowa ko a ƙuruciya ko lokacin balaga. Yana shan magani, ta lafa.

Yanzu yana wurin mai gyaran waya. Ba ya ciniki, ba ya hira, amma ka ba shi wayar da ta sha ruwa ka dawo gobe. Damuwarsa ta yau ba ta jiya ba ce: ya gane cewa shi daban ne, yana tambayata me ya sa abokai ba su kiransa. Wannan ta fi mini birgimar zafi.

Maman_Biyu_Mabera:
Baban Yasir, Allah Ya saka. Maganar balagar nan ita nake tsoro, musamman ga macen.

Dakta_Na_Yara:
Da dalili. 'Yan mata da yawa suna lallaɓawa a firamare, don wasan yara ƙanana yana da doka a fili: ki tsallaka, ki tafa, ki ba ni in ba ki. Daga shekara 11 zuwa 13 zumuncin mata ya koma gulma, sirri, harara, wa ke fushi da wa. Nan kwaikwayo ke gazawa. Sai a kawo mana ita da ciwon kai, ƙin makaranta, ƙin abinci, rashin barci, a yi ta maganin reshe an bar tushe. Ga al'ada ta zo da wari da ciwo da ƙunzugu ga wadda ɗinkin hijabi ma yana damunta. A fara koya mata tun kafin ta zo, dalla-dalla, ba da kara ba. Haka maganar jikinta da wanda bai halatta ya taɓa ta ba, a faɗa mata ƙarara, don mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta tana da saurin yaudaruwa.

Kuma kada a ɗauka na mata kullum mai sauƙi ne. Akwai 'yan matan da nasu ya zo da nauyi, ba magana, ga jinkirin fahimta, ga farfaɗiya. Waɗannan ana gano su da wuri kamar maza. Masu baki da ƙoƙarin karatu su ne ke zamewa.

Ɗalibin_Danfodiyo:
Alhaji Dan_Kara, ga wadda za ta burge ka. Temple Grandin, Ba'amurkiya, an haife ta 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara 3. Farfesa ce ta kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. Ita ta tsara lanƙwasassun hanyoyin da ake bi da shanu a mayankar Amurka, don ta lura inuwa ko sarƙa mai lilo ko ƙyallin ruwa a ƙasa ya isa ya sa sa ya toge. Yaron farko a jerin Kanner kuma, Donald Triplett, ya yi aikin banki, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Dan_Kara:
Wagga ta san shanu. Wallahi bujimi ya ga leda tana motsi bakin mota, ko ku goma ba ku hawar da shi.

Shiru_Shiru:
Ɗalibi, labarin yana da daɗi, amma a riƙa tunawa ba kowa zai zama farfesa ba. Kada uwar da ɗanta bai iya tsarki da kansa ba ta ji kamar ita ta gaza.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Ni fa abin da ba ku faɗa ba shi ne aure. Namiji in an ce yana da abu, gobe ya samu sana'a a ba shi mata. Mace in aka ji an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko sau ɗaya, har ƙannenta sai an yi musu tambaya. Shi ya sa uban ya ce a bar maganar, ba rashin so ba ne. Ni ban ce kada a duba ta ba, amma a yi shi cikin sirri.

Nas_Gawon_Nama:
Hajiya, asibitin Kware na ƙwaƙwalwa ne baki ɗaya, masu farfaɗiya da rashin barci ma suna zuwa, mu ne muka mayar da sunan abin gori. Kuma ba dole ta nan za a fara ba. Ta je sashen yara na UDUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Danfodiyo, su za su auna ji, su tura ta inda ya dace. Maman Biyu, ki ɗauki bidiyonta a waya lokacin da take jera 'yan tsanan da lokacin da ta dawo Islamiyya. In ba haka ba za ta zauna gaban likita ta gaishe shi tsaf, ya ce miki lafiyarta lau. Ki rubuta abin da kike tunawa tun tana jaririya: ta nuna abu da yatsa don ki gani? Tana kawo miki abin wasa ku yi tare?

Malama_Firamare:
Hajiya, ɓoyewar ma ai ba ta hana auren mutuwa, ga ƙanwar Ummu nan.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Faɗar ma ba ta sa a zo nema, Malama.

Maman_Biyu_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Nas, tambayar nuni da yatsa ta tsaya mini. Na kira mahaifiyata, ta ce ita ma ba ta tuna ta taɓa yi ba, hannun mutum take ja ta ɗora a kan abin da take so, kamar yayanta. Jiya da ta dawo ban tambaye ta komai ba, na kashe talabijin, na bar ta a ɗaki da 'yan tsananta da kofin fura kamar yadda Inna ta ce. Kukan bai kai minti goma ba. Na tura wa babansu abin da Shiru_Shiru ta rubuta, ya karanta bai ce komai ba, da safe dai ya tambaye ni ko katinta na asibiti yana nan.

Inna_Kanwuri:
Kun gani, hura ta yi aiki.

Ummu_Arkilla:
@Shiru_Shiru don Allah in biyo ki ta akwati? Ina son ƙanwata ta yi magana da ke. Kuma Dakta, mai shekara 29 wane sashe za ta je, tunda ta wuce na yara?